George Washington Carver: Ɗan baiwar da ya koya wa talaka ciyar da kansa

A Amurka, da zarar an ambaci sunan George Washington Carver, gyaɗa ce ke fara faɗo wa mutane a rai, saboda abubuwa kusan 300 da ya nuna ana iya sarrafawa daga cikinta. Sai dai aikin da ya shafe shekara 47 yana yi ya fi gyaɗa faɗi. Ya ƙarar da rayuwarsa wajen koya wa manomin da ba shi da jari yadda zai farfaɗo da ƙasar da ta gaji, ya kuma ci daga lambun bayan gidansa, domin ya kuɓuta daga bashin mai kanti. Wannan ne ya sa masu koyar da aikin lambu a biranen Amurka suke lissafa shi cikin magabatansu har yau.

An haife shi a wajajen shekarar 1864 a ƙauyen Diamond da ke jihar Missouri, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Mahaifiyarsa Mary baiwa ce a gidan wani manomi mai suna Moses Carver da matarsa Susan. Yana jinjiri mahara suka sace shi tare da ita. Moses ya aika aka bi sawu, aka samo jaririn, amma uwar ba a sake jin ɗuriyarta ba. Da aka haramta bauta a 1865, Moses da Susan suka ci gaba da riƙonsa tare da yayansa James.

George ya tashi da raunin jiki, don haka aka ɗauke masa aikin gona mai nauyi, aka bar shi da wanki da girki da kula da lambun gida. A nan ya fara sanin halin tsirrai, har maƙwabta suka riƙa kawo masa shukokinsu da suka yi yaushi, suna kiransa likitan tsirrai. Susan ta koya masa karatu, amma makarantar ƙauyen ba ta karɓar baƙaƙen fata. Tun bai balaga ba ya bar gida zuwa garin Neosho, tafiyar sama da kilomita 10, inda wata ungozoma mai suna Mariah Watkins ta ba shi masauki, shi kuma yana yi mata aikace-aikacen gida.

Daga nan ya shiga yawon neman ilimi a jihar Kansas, yana wanki da guga da aikin ƙodago don ya ci abinci. A 1879, a garin Fort Scott, ya ga taron fararen fata sun kashe wani baƙar fata a bainar jama'a, abin da ya sa ya bar garin nan take. Bayan ya kammala sakandare, wata kwaleji a garin Highland ta ba shi gurbin karatu ta wasiƙa, amma da ya iso aka ga launin fatarsa, sai aka ce ya koma. A 1890 ya samu shiga Kwalejin Simpson a jihar Iowa, yana koyon zane. Malamarsa Etta Budd ta lura da yadda yake zana furanni da sanin ƙwaƙƙwafi, ta ba shi shawara ya koma Kwalejin Aikin Gona ta Iowa da ke garin Ames. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi karatu a can. Ya samu digirin farko a 1894, na biyu a 1896, ya kuma yi suna wajen binciken cututtukan tsirrai.

A shekarar da ya kammala ne Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙaƙen fata ta Tuskegee a jihar Alabama, ya gayyace shi ya jagoranci sashen aikin gona. Carver ya bar wurin da ke da kayan aiki ya tafi inda babu. Sai da ya fita da ɗalibansa suka tsinto kwalabe da gwangwanaye da tsofaffin tukwane kafin ya haɗa ɗakin gwaje-gwajensa na farko.

Abin da ya tarar a ƙauyukan Alabama shi ya tsara masa sauran rayuwarsa. An 'yanta bayi, amma ba a ba su gonaki ba. Mafi yawansu suna noma-mu-raba ne a gonakin tsofaffin iyayen gijinsu. Mai kanti yakan ba manomi abinci da iri da taki bashi, da sharaɗin ya shuka auduga, domin ita ce ake sayarwa a samu kuɗi. Shekara da shekaru ana shuka auduga a wuri ɗaya, ƙasa ta tsotse, ruwan sama ya zaizaye ta, amfani ya ragu. Idan kaka ta yi aka zauna lissafi, sau da yawa bashin bana yakan haɗu da na bara. Iyalin da ke noma har bakin ƙofar ɗaki ba su da ganyen miya, abincinsu bai wuce garin masara da kitsen nama da maɗin rake ba, kuma cututtukan rashin abinci mai gina jiki sun yi musu katutu.

Carver ya fahimci cewa shawarar da ke buƙatar kuɗi ba ta da amfani ga wanda ba shi da su. A gonar gwaji da gwamnatin jihar ta kafa a Tuskegee a 1897, ya mayar da hankali kan abin da manomi zai samu kyauta. Ya koyar da tara busasshen ganye da taɓon fadama da toka da kashin dabbobi, a jibge su su ruɓe su zama taki. Ya koyar da sauya shuka, wato a huta da auduga a sa wake ko gyaɗa ko waken suya. Dalilin kuwa shi ne, a jikin saiwar waɗannan tsirrai akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Ta haka gona ke samun abin da auduga ta ƙwace mata, iyali kuma su samu abinci mai gina jiki. Ya ƙara da dankalin Hausa, saboda yana yi a ƙasa mara ƙarfi kuma yana ajiyuwa.

Ya san cewa manomi ba zai shuka abin da matarsa ba ta san yadda za ta dafa ba. Saboda haka ƙasidu 44 da ya wallafa, a harshe mai sauƙi, sun haɗa noma da girki da adana abinci. Ta 1916 ta kawo hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa, ta 1918 kuma hanyoyi 115 na amfani da tumatir. A 1910 ya fitar da wata kan lambun makaranta, inda ya nuna wa malamai yadda yara za su koyi lissafi da kimiyya ta hanyar auna kunya da ƙirga iri da lura da tsiro. Har lissafin tanadi ya yi wa manoma: wanda ya ajiye santi 5 a kowace ranar aiki zai tara dala 15 da santi 65 a shekara, kuɗin da a lokacin za su iya sayen eka uku ta gona.

Tun da yawancin manoman ba su iya karatu ba, kuma ba su da halin zuwa Tuskegee, sai makarantar ta je inda suke. A 1906 aka ƙera wani amalanke bisa tsarin da Carver ya zana, da kuɗin wani attajirin New York mai suna Morris Jesup. Aka loda masa garma da iri da kayan gwaji, wani tsohon ɗalibin makarantar, Thomas Campbell, ya riƙa zagaya ƙauyuka da shi yana nuna aiki a gonar manomi, maƙwabta na kallo.

Zamansa a Tuskegee bai rasa tsamin dangantaka ba. Carver gwanin aji ne da ɗakin gwaji, amma gudanar da mulki bai karɓe shi ba, kuma ya sha saɓani da Booker T. Washington kan kula da gonar makaranta, har ya yi barazanar ajiye aiki fiye da sau ɗaya. Shahararsa ta zo ne bayan rasuwar Washington a 1915. Wani ƙwaro da ya ƙetaro daga Meziko ya riga ya fara cinye audugar kudancin Amurka, manoma da yawa suka karkata ga gyaɗa. A 1921 masu sana'ar gyaɗa suka tura shi gaban wani kwamitin majalisar wakilai don neman a sa haraji kan gyaɗar da ake shigowa da ita. Minti goma aka ba shi, amma 'yan majalisar suka yi ta ƙara masa lokaci suna kallon abubuwan da yake fitowa da su daga akwati. Daga ranar sunansa ya cika ƙasar.

Jaridu sun ƙara wa labarinsa gishiri. Ba shi ne ya ƙirƙiro niƙaƙƙiyar gyaɗar da Amurkawa ke shafa wa burodi ba. Takardun mallakar fasaha uku kawai ya yi wa rajista, kuma kaɗan ne daga cikin abubuwan da ya sarrafa suka shiga kasuwa. Haka nan takin gargajiya bai isa ya warware matsalar rashin mallakar ƙasa da wariyar launin fata ba. Miliyoyin baƙaƙen fata sun bar kudu zuwa biranen arewa irin su Chicago da Detroit. Da yawansu sun tafi da sanin noma a hannunsu, suka riƙa shuka a bayan gidaje da kangayen fili.

Carver bai taɓa aure ba, kuma an san shi da tsohuwar kwat da fure a maƙale a ƙirji. A 1940 ya ba da abin da ya tara don kafa gidauniyar binciken aikin gona a Tuskegee. Ƙasidarsa ta 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi bayani ne kan ganyayen daji da ake iya ci idan abinci ya yi tsada. Ya rasu ranar 5 ga Janairun 1943 bayan ya faɗo daga matakalar bene, aka binne shi kusa da Booker T. Washington. A shekarar ce gwamnatin Amurka ta mayar da mahaifarsa wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata haka.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ga abubuwan da ya sani a cikin wannan tarihi. Waken da Carver ya dogara da shi asalinsa na Afirka ne, a zamanin cinikin bayi ya ƙetara teku, kuma Nijeriya da Nijar ne kan gaba wajen noma shi a duniya. Haɗa gero da wake a gona ɗaya, da kwasar toka da shara daga cikin birnin Kano a kan jakuna zuwa gonakin kewaye, dabaru ne da manoman ƙasar nan suka daɗe da su tun kafin a haife shi. Abin da ya ƙara shi ne ya gwada irin waɗannan dabaru a gonar gwaji, ya rubuta su, ya shigar da su aji, sannan ya kai su har ƙofar gidan wanda ya fi buƙatarsu.