Alois Alzheimer: Likitan da ya gano cewa gigin tsufa cuta ce a ƙwaƙwalwa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yunin 1864 a garin Marktbreit da ke yankin Bavaria na ƙasar Jamus. Ya karanta ilimin likita a Berlin da Tübingen da Würzburg, kuma a 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. A can ya goge wajen binciken ƙwaƙwalwa da madubin likita tare da abokin aikinsa Franz Nissl.

A watan Nuwamban 1901 aka kawo wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, wadda mantuwa ta yi wa katutu, magana na suɓuce mata, ba ta gane wuri ko lokaci. Irin wannan ruɗewa a wancan zamani tsufa ake ɗora wa laifinta, ita kuwa ba ta kai shekarun ba. Wannan ne ya hana Alzheimer sakat.

Ya koma Munich a 1903 ƙarƙashin Emil Kraepelin, amma bai saki batun ba. Da matar ta rasu a watan Afrilun 1906, sai aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta tsuke, ya kuma ga abu biyu: dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin jijiya, da zare-zare da suka cukuikuye a cikinsu.

Ya gabatar da sakamakon a taron likitoci a Tübingen a watan Nuwamban 1906, ba wanda ya yi masa ko tambaya ɗaya. Sai a 1910 Kraepelin ya raɗa wa cutar sunansa.

A 1912 ya zama farfesa a Breslau, amma rashin lafiya ta kama shi tun a hanya. Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1915 yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Daga baya aka gane cewa sinadarin amiloid ne ke haɗa dunƙulen, na tau kuma zaren, kuma taruwarsu na tafiya tare da tsinkewar sadarwa tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Su ne alamomin da likitoci ke nema yau a ruwan laka da jini da hoton ƙwaƙwalwa, domin cutar kan fara ɓarna shekaru kafin iyali su lura da mantuwa.