Raja Rabi Barma, Ɗan Sarauta Mai Zanen Hoto

Kowa a Gaya ya san ƙasar Indiya, ko da bai taɓa zuwa can ba. Mun san ta a cikin silima. Mun ga matansu masu dogon gashi, da zanen da suke kira sari, da ɗigon ja a goshi. Mun ga hotunansu a jikin kalanda, a kasuwar Gaya, ko ta Malanbil, ko ta Kamba. To, wannan kama da idonmu ya saba da ita tana da asali. Akwai wani mai zane da ya yaɗa ta tun ba a fara silima a ƙasarsu ba. Sunansa Raja Rabi Barma.

Kada sunan ya ruɗe ku. A wurinmu Rabi sunan mace ne. A can sunan namiji ne, ma'anarsa rana. Su da harafin v suke rubuta shi, wato Ravi Varma, amma Hausa ba ta da wannan harafi. Raja kuwa ma'anarsa sarki, ko da yake shi bai taɓa hawa gadon sarauta ba.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Rabi Barma ran 29 ga watan Afirilu na shekarar 1848. Garinsu Kilimanur, a cikin masarautar Tirabanko, can kudancin Indiya. Yau ana kiran wannan yanki Kerala. Ƙasa ce ta bakin teku, mai shinkafa da kwakwa. Kun san Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. To, ruwan Kerala ya ninka namu sau uku ko fiye.

Gidansu gidan sarauta ne, kuma gidan ilimi. Ubansa malami ne, uwarsa kuma tana tsara waƙoƙi. A al'adarsu ta lokacin, ta wajen uwa ake bin dangi da gado. Saboda haka kawu yana da babbar magana a kan ɗan ƴar uwarsa.

Ana ba da labari cewa tun yana ƙarami yake ɗaukar gawayi yana zana dabbobi da mutane a bangon gida. Wani gidan da duka zai sha. Shi kuwa ya yi sa'a, kawunsa mai zane ne. Da ya ga hannun yaron, sai ya jawo shi ya fara koya mishi. Da ya kai wajen shekara 14, kawun ya kai shi babban birni Tiribandaram, wurin sarki Ayilyam Tirunal. Sarki ya yarda ya zauna a fada ya ci gaba da koyo.

Koyon da aka yi da ido

A lokacin, masu zanen ƙasar suna haɗa launinsu da ganye, da fure, da ɓawon itace, da ƙasa. Turawa kuwa sun zo da wani irin fenti. Garin launi ne ake kwaɓawa da mai. Fentin mai ba ya saurin bushewa. Mai zane yana iya gyara shi yau, ya ƙara gobe. Da shi ake fito da haske da inuwa, har ka ga fuskar mutum kamar zai yi magana.

Wannan fenti Rabi Barma yake son ya iya. Amma masu sana'a ba su cika son sakin sirrinsu ba. An ce babban mai zanen fada, Ramasuwami Naidu, ya ƙi nuna mishi, don yana ganin yaron zai zama kishiyarsa. Wai wani almajirin Naidu ne ya riƙa zuwa da dare a ɓoye yana nuna mishi kaɗan-kaɗan.

A shekarar 1868 wani Bature mai suna Tiyodo Yansen ya zo fada don ya zana sarki da iyalinsa. Shi ma bai zauna ya koya mishi ba. Abin da aka yarda kawai, saurayin ya tsaya a gefe ya yi kallo. Ya kuwa yi kallo. Ya duba yadda ake kwaɓa launi, da yadda ake riƙe burushi. In ya koma ɗaki sai ya gwada. In ya ɓata, ya sake. Bai shiga wata makarantar zane ba. Ido da naci su ne suka zama malamansa.

Suna ya fita

A shekarar 1873 aka yi bajen kolin zane a birnin Madaras. Rabi Barma ya kai hoton wata mata tana ado da furanni a gashinta. Ya ci lambar zinariya ta gwamna. A wannan shekara kuma aka yaba aikinsa a birnin Biyana, can ƙasar Turai. Shekarunsa 25 ke nan.

Daga nan sai ya ƙara wani abu. Indiyawa suna da tsofaffin littattafai na labarun kaka da kakanni, kamar Ramayana da Mahabarata. Kowa ya san labarun, manya da yara. Rabi Barma ya ɗauki mutanen cikin labarun ya zana su da fentin mai. Ya ba su jiki da fuska irin na mutanen da ake gani a hanya. A 1876 ya zana wata yarinya ta cikin labari, Shakuntala, tana rubuta wasiƙa a kan ganye. Gwamnan Madaras, wani Bature ɗan Ingila, shi ya saye hoton.

A 1880 sarkin da ya riƙe shi ya rasu. Wanda ya gaje shi bai sakar mishi fuska ba. Da wani ne, da sai ya koma gida ya naɗe hannu, tunda ɗan sarauta ne, ba zai rasa tuwo ba. Shi kuwa sai ya ɗauki kayan aikinsa ya shiga duniya. A 1881 aka gayyace shi masarautar Baroda. A 1885 ya je Maisur. Ƙanensa, wanda shi ma gwanin zane ne, yana tare da shi ko'ina. Tare suke aiki, ƙanen kuma yana rubuta labarin tafiyarsu.

A 1888 sarkin Baroda, Sayajirawo, ya ba shi babban aiki: hotuna 14 don sabuwar fadarsa. Sai ƴan uwan biyu suka zaga ƙasar Indiya. Suna duba yadda mutanen kowane yanki suke sa tufafi, suna neman suturar da kowane Ba'indiye zai gani ya ce tasa ce. Suka tsaya a kan sari. Da aka gama hotunan, aka baje su a birnin Bombai kafin a kai su fada. Jama'a suka yi ta tururuwa suna kallo.

A 1893 aka yi babban bajen koli na duniya a Shikago, ƙasar Amurka. Ya aika da hotuna 10, aka ba shi lambar yabo. Amma shi kansa bai je ba. A al'adar manyan gidajensu ta lokacin, ƙetare teku abin ƙi ne. Hotunansa sun je Turai da Amurka, mai su kuwa har ya mutu bai fita Indiya ba.

Hoto ya shiga gidan talaka

Ga matsala. Hoton fentin mai guda ɗaya ne tak. Yana cin makonni kafin a gama shi. Sai sarki ko attajiri ke iya saye. In ya shiga fada, talaka ya gama ganinsa. Wani babban ma'aikacin sarauta, Madaba Rawo, ya ba shi shawara ya sa a riƙa buga hotunansa da inji.

A shekarar 1894 Rabi Barma ya buɗe gidan buga hoto a Bombai. Ya sayo injuna daga Jamus, ya ɗauko wani Bajamushe gwanin aikin, Firits Shilaisha.

Ga yadda ake yi. Kun san ruwa da mai ba su haɗuwa. Ana samun faffaɗan dutse mai santsi. A zana hoton a kansa da tawada mai maiƙo. Sai a jiƙa dutsen da ruwa. Ruwan zai zauna ko'ina, ban da inda aka yi zanen. In aka shafa launi mai maiƙo, sai ya guje wa ruwan, ya manne a kan zanen kaɗai. Sannan a ɗora takarda a danne. Kowane launi da nasa dutsen: ja da nasa, shuɗi da nasa, rawaya da nasa. Takarda ɗaya sai ta bi ta kan duwatsu da yawa kafin hoto ya cika. In an gama shirya duwatsun, ana iya buga dubbai.

Hoton da dā sai sarki, yanzu mai ƴan kwabbai ma yana iya saye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarsu. Da yawa daga cikin hotunan na allolin addinin Hindu ne. A lokacin akwai mutanen da ake ɗauka ƙasƙantattu tun daga haihuwa, an hana su shiga ɗakunan ibada. Su ma suka sayi hotunan suka rataya a ɗakunansu. Ƴan kasuwa kuma suka riƙa sa irin zanensa a kalanda, da kwalin ashana, da takardar da ake mannawa a jikin yadi.

Bashi da rashi

Amma gwanin zane ba lalle ya zama gwanin ciniki ba. A 1896 annoba ta faɗa wa Bombai, irin wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa. Mutane da yawa suka mutu, wasu suka gudu, aiki ya tsaya. Aka kwashe injuna aka kai wani ƙauye mai suna Malabli. Ga kuma wasu masu injuna suna kwaikwayon hotunansa suna sayarwa da araha, ko sisi ba su ba shi. Bashi ya taru. A ƙarshe ya sayar wa Bajamushen nan da gidan buga hoton. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gidan ya ci gaba da aiki shekaru da yawa a hannun wasu, har gobara ta cinye shi a 1972.

A 1904 gwamnatin Ingila, mai mulkin Indiya a lokacin, ta ba shi lambar zinariya ta girmamawa. Farin cikin bai daɗe ba. A farkon 1905 ƙanensa, abokin tafiyarsa da aikinsa, ya rasu. Matarsa kuwa ta riga ta rasu tun 1891. Ga ciwon sukari yana cin jikinsa. Ya koma garinsu Kilimanur. A can ya rasu ran 2 ga watan Oktoba na 1906, yana da shekara 58.

Abin da ya bari

Bayan mutuwarsa wasu masana suka taso mishi. A ganinsu ya kwaikwayi Turawa, ya bar zanen gargajiya. Suka mai da aikinsa kayan kalanda kawai. Talakawa dai ba su saurare su ba, suka ci gaba da saye.

Cikin waɗanda suka yi aiki da gidan buga hotonsa akwai wani mai suna Dadasahib Falke. Shi ne ya fito da fim ɗin Raja Harishcandara a 1913, shi ya sa ake kiransa uban silimar Indiya. Sarakuna da matan da aka nuna a finafinan farko sun yi shiga irin ta hotunan Rabi Barma. Kun ga ke nan, silimar da muke kallo tana da hannunsa a ciki.

Zuriyarsa ma ta yi abin tunawa. Jikanyarsa Setu Lakshimi Bayi ta riƙe mulkin Tirabanko daga 1924 zuwa 1931. Ɗan wata jikanyar tasa, sarki Citira Tirunal, shi ne a 1936 ya buɗe ɗakunan ibada na masarautar ga dukan masu addinin Hindu, ba tare da duba asali ba.

Da tafiya ta yi tafiya, aka dawo ana neman ainihin hotunan da ya zana da hannunsa. Masu kuɗi na gida da na waje suna saye suna tarawa. A 1979 gwamnatin Indiya ta sa aikinsa cikin dukiyar ƙasa. Hoton da ke cikin Indiya, ba a yarda a fita da shi waje ba. Waɗanda suka riga suka fita kuwa, ana cinikinsu a can. A 2017 an yi gwanjon hotonsa guda a birnin Niyok na Amurka. An saye shi sama da dalar Amurka miliyan ɗaya da dubu 600, wato wajen miliyar guda na kuɗin sefa. Mutumin da bashi ya raba shi da injunansa ke nan.

Mu ma muna da masu hannu: masu zanen ƙwarya, da masaƙa, da maƙera, da dukawa, da masu zana allon shago da jikin mota. A Yamai akwai gidan tarihi na Bubu Hama, inda ake ajiye kayan gargajiyarmu. Tsohon abin da muka gada, mu yi tunani kafin mu sayar wa baƙo da shi a banza. In kuma muka ga yaro yana zane da gawayi a bango, mu duba hannunsa kafin mu ɗauki bulala.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Rabi Barma, kuma a wane gari?
2. Ta yaya ya koyi aiki da fentin mai?
3. Me ya sa ya buɗe gidan buga hoto?
4. Waɗanne abubuwa ne suka jawo mishi bashi?
5. Rubuta sunayen sana'o'in hannu uku da ake yi a garinku.