Marigayi Alhaji Audu Bako da Namun Daji

An haifi Audu Bako a Kaduna cikin shekarar 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne, shi ma ya gaji aikin, ya yi ta hawa har ya kai matsayin kwamishina. Da Janar Gowon ya kasa Nijeriya jiha 12 a 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Kano, wadda a wancan zamani ta haɗa har da Jigawa ta yau. Ya riƙe ta har 1975.

Galibi da madatsun ruwa ake tunawa da shi, irin su Tiga da Bagauda. Amma akwai wani aikinsa da ya cancanci nazari, wato Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, yake kuma ɗauke da sunansa.

A al'adar ƙasar Hausa, naman daji rabon mafarauci ne. In an harbe uwa, ɗanta ko dai ya mutu da yunwa, ko ya ƙare a hannun gardi yana wasa a kasuwa. Gidan Zu ya zo da wani tunani dabam: dabbar dawa ma amana ce, a ciyar da ita, a yi mata magani, yara su san ta da rai.

Ya rasu a 1980. Riƙon wannan amana kuwa yanzu ya rataya a wuyanmu. Allah ya jiƙansa.