Julius Wolff: Likitan Da Ya Gano Cewa Aiki Ne Ke Gina Ƙashi

Duk wanda ya taɓa jinyar karaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ya san ranar da likita kan umarce shi da ya fara taka ƙafar sannu a hankali, yana dogara sanda. Tushen wannan umarni yana cikin binciken wani likita Bajamushe, Julius Wolff, wanda ya rasu fiye da shekara 120 da suka wuce.

An haifi Wolff a ranar 21 ga Maris, 1836, a garin Märkisch Friedland, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Ya yi karatun likita a birnin Balin, inda ya kammala a 1860 a hannun shahararren likitan tiyata Bernhard von Langenbeck. Ya kuma yi aikin likitan soja a yaƙe-yaƙen 1864 da 1866 da na 1870 zuwa 1871.

A wancan zamani, wasu masana biyu a birnin Zurich, Hermann von Meyer masanin sassan jiki da Karl Culmann injiniya, sun lura cewa saƙar da ke cikin kan ƙashin cinya ta yi kama da yadda nauyi ke rarrabuwa a jikin injin ɗaga kaya. Wolff ya ɗora a kan wannan. Tun kafin a gano hoton ƙashi a 1895, ya shafe shekaru yana yanka ƙasusuwa falle-falle yana nazarin cikinsu, har da waɗanda suka karye suka warke a karkace. Ya ga cewa saƙar cikinsu ta sake tsari domin ta dace da sabuwar hanyar da nauyi ke bi.

A 1892 ya wallafa littafin da ya tattara sakamakon, wanda aka fi sani da Dokar Wolff: ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara ƙarfi inda yake ɗaukar nauyi, yana kuma raguwa inda aka bar shi ba aiki. Shi ya sa doguwar kwanciya ke raunana ƙashin majinyaci, haka ma 'yan sama jannati ke rasa ƙarfin ƙashi a sararin samaniya.

Wolff ya rasu a Balin ranar 18 ga Fabrairu, 1902, amma tambayar da ya bari ta ci gaba da jan hankalin masana. A 1957 Eiichi Fukada da Iwao Yasuda na Japan suka nuna cewa ƙashi na fitar da ɗan lantarki idan aka danne shi. Daga baya aka ƙera na'urorin da ke zaburar da ƙashi da lantarki ko da sautin da kunne ba ya ji, ko da yake har yanzu masana na muhawara kan girman amfaninsu.

Ga mai karaya, dokar tana da fuska biyu. Nauyi daidai gwargwado yana taimaka wa ƙashi ya haɗe, amma taka ƙafa kafin lokaci na iya gocar da ɗorin. Saboda haka likita ne, bayan duba hoton ƙashi, ya kamata ya tsayar da ranar fara takawa.

A yau wata cibiyar binciken ƙashi a asibitin Charité da ke Balin tana ɗauke da sunansa.