William Farr: Likitan da Ya Bi Sawun Mura da Alƙalami

Ya kai mai karatu, idan sanyin hunturu ya kama, ka sha ganin mura ta bi babbar hanya daga Gidan Rumji, ta ratsa Maraɗi da Cadawa, har ta isa Agye da Gazawa. Ta yaya ma'aikatan lafiya ke gane inda ta faro da inda ta dosa? Ga tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka share wannan fage.

An haifi William Farr a shekarar 1807 a ƙauyen Kenley na ƙasar Ingila. Iyayensa talakawa ne. Wani mai hali ya ɗauke shi riƙo, ya kuma bar masa gādon da ya yi karatun likita da shi a birnin Paris. A 1839 ya kama aiki a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Landan, inda ya shafe kimanin shekara 40 yana tattara adadin mamata, da shekarunsu, da unguwanninsu, da cutar da ta yi ajalinsu.

A ƙarshen 1847 annobar mura ta auka wa Landan. Farr ya gwada yawan mace-macen kowane mako da abin da aka saba gani a shekarun lafiya, sai ya tarar da ƙarin mutum wajen 5,000. Yawancinsu an rubuta cewa ciwon huhu ko na ƙirji ne ya kashe su, alhali mura ce ta buɗe ƙofa. Da wannan dabara ake auna ɓarnar annoba har yau.

Farr ya yi kuskure shi ma. Ya daɗe yana ɗaukar cewa gurɓatacciyar iska ke kawo kwalara. Da lissafinsa na 1866 ya nuna masa ruwan sha ne, sai ya karɓi gaskiya. Ya rasu a 1883.

A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido kan mura tsakanin ƙasashe. Saboda haka, kai marar lafiyarka asibiti da wuri, ka kuma sanar da haihuwa da rasuwa a ofishin magajin gari. Abin da ba a rubuta ba, ba ya shiga lissafi, kuma garin da bai shiga lissafi ba yakan makara wajen samun agaji.