Jan Ingenhousz: Likitan da Ya Gano Aikin Hasken Rana a Jikin Ganye

An haifi Jan Ingenhousz a garin Breda na ƙasar Holan ranar 8 ga Disamba, 1730. Ya karanta ilimin likitanci a Jami'ar Leuven, wadda ke cikin ƙasar Beljiyam ta yau, ya kammala a shekarar 1753. Ya yi aikin likita a garinsu har zuwa rasuwar mahaifinsa, sannan ya yi ƙaura zuwa Landan.

A wancan zamani babu cutar da Turawa ke tsoro kamar agana. A Ingila Ingenhousz ya ƙware a wata hanyar rigakafi: a tsaga fatar mai lafiya kaɗan, a sa masa ɗan ruwan ƙurjin mai cutar, ya yi ɗan ciwo ya warke, cutar kuwa ba ta sake kama shi. A shekarar 1767 agana ta shiga fadar Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, ta kashe 'yarta da surukarta. Da shekara ta zagayo, aka tura Ingenhousz birnin Biyana, ya yi wa wasu 'ya'yan gidan sarautar rigakafi, aka dace. Sarauniya ta naɗa shi likitan fada, ta yanka masa albashi na tsawon rai. Wannan rufin asiri ne ya ba shi sukunin yin bincike.

Tun a shekarar 1771 wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya lura cewa kyandir yana mutuwa idan an kife shi da kwalba, amma idan aka ajiye reshen na'ana'a a ciki na 'yan kwanaki, sai iskar ta gyaru, kyandir ya sake ci. Sai dai gwajin yakan yi nasara a wani lokaci, ya ƙi a wani, kuma Priestley bai gano dalili ba.

A bazarar 1779 Ingenhousz ya kama gida a Southall, kusa da Landan, ya yi gwaje-gwaje kimanin 500. Yakan nutsar da ganye cikin ruwa a kwalba, ya zuba ido. Idan kwalbar tana rana, sai ƙananan ƙwayoyin iska su yi ta fitowa daga ganyen. Idan ya mai da ita inuwa, sai su daina. Da ya tara iskar ya gwada ta, ya ga tana ƙara wa wuta ƙarfi. Ita ce ake kira oksijin a yau. Ya kuma tabbatar da abubuwa uku: haske ne ke sa wannan aiki, ba zafi ba, koren sashen tsiro ne kaɗai ke yin sa, da dare kuwa tsiro yana gurɓata iska kamar yadda dabba ke yi, amma abin da yake gyarawa da rana ya fi yawa nesa ba kusa ba. A wannan shekara ya wallafa littafi a kan binciken, abin da ya jawo jayayya tsakaninsa da Priestley game da wanda ya riga ganowa.

Masana da suka biyo baya sun cika bayanin. Ganye yana shaƙar iskar kabon-dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi, saiwa kuma tana jawo ruwa daga ƙasa. Koren sinadarin da ke cikin ganye, wato kulorofil, yana kama hasken rana, ya yi amfani da ƙarfinsa ya raba ruwan. Oksijin ya fita, sauran ya haɗu da kabon ya zama sukari, wanda tsiro ke gina jikinsa da shi. A shekarar 1893 aka raɗa wa wannan aiki sunan fotosintesis, ma'ana haɗa abinci da haske.

Ke nan geron Katsina da alkamar bakin Kogin Nilu duk daga wannan aiki suka fito, haka ma naman dabbar da ta ci ciyawa. Oksijin da muke shaƙa, wanda ya kai kashi 21 cikin 100 na iska, tsirrai na tudu da na teku ne suka samar da shi. Don haka duk inda gini ya cinye gona, kamar yadda ya faru a unguwar Mohandessin ta Alƙahira daga shekarun 1950, an rage ganyen da ke yi wa mutane wannan hidima.

Ingenhousz ya ƙare rayuwarsa a Ingila. Ya rasu ranar 7 ga Satumba, 1799, a gidan Bowood da ke Wiltshire, aka binne shi a garin Calne. Mutanen zamaninsa sun fi saninsa da likitan agana, cutar da aka bayyana kawar da ita daga duniya a shekarar 1980. Abin da ya gano a jikin ganye kuwa, har yau ana koyar da shi a makarantu.