William Herschel: Makaɗin da ya gano hasken da ido ba ya gani

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta yi ƙamari, da wuya mutum ya shiga banki ko asibiti a Zariya ba a auna masa wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramar bindiga a goshi ba. Annoba ta lafa, amma na'urar ta zauna. Yau ana sayar da ita a kantunan magani, ta kuma shiga gidajen cikin birni, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Uwa na auna zazzaɓin ɗanta da ita yana barci, mai gyaran wuta na laluben wayar da ta ɗauki zafi. Abin da wannan ma'aunin zafi yake karantawa wani haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani. Wanda ya fara gano shi makaɗi ne da yaƙi ya raba da garinsu, bai kuma taɓa zama a ajin jami'a ba. Sunansa William Herschel.

An haife shi a ranar 15 ga Nuwamban 1738 a birnin Hanover na ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa, Isaak, mabushi ne a rukunin makaɗan sojan Hanover, yana busa wani abu mai kama da algaita. Shi ma William ya gaji sana'ar, ya shiga rukunin tun yana matashi. A 1757 sojojin Faransa suka ci na Hanover da yaƙi a Hastenbeck, sai mahaifin ya tura shi Ingila tare da yayansa Jacob. Ya sauka Landan ba kuɗi, ya soma neman abinci da kwafar takardun kiɗa da hannu. Daga nan ya yi shekaru yana zagaya garuruwan arewacin Ingila yana koyar da kiɗa, har a 1766 ya sami aikin makaɗin coci a birnin Bath, matattarar masu kuɗi a wancan zamani.

A Bath ya yi suna, ya tara ɗalibai, ya sami rufin asiri. Da ya tsaya a nan, da tarihi ya ajiye shi cikin jerin makaɗa masu matsakaicin suna. Sai dai neman sanin lissafin da ke cikin sauti ya kai shi ga littattafan wani malamin Cambridge, Robert Smith, wanda ya yi rubutu a kan kiɗa, ya kuma yi a kan haske da madubai. Littafin na biyu shi ya juya masa rayuwa. Yana da shekara 35 sha'awar taurari ta kama shi, kuma da ya ga madubin hangen nesa irin wanda yake so ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya ƙudura ƙera nasa.

A wannan aiki ba shi kaɗai ba ne. A 1772 ya ɗauko ƙanwarsa Caroline daga Hanover, inda take zaune tana aikace-aikacen gida bayan wata cuta da ta yi tana yarinya ta tsumburar da ita. Ya kawo ta ne don ta zama mawaƙiya, amma ta wayi gari mataimakiyar maƙeri. Gidan ya koma maƙera. Ana narka tagulla da kuza a zuba madubi, ana daka busasshen kashin doki a tankaɗe don yin mazubi. William yakan shafe awa 16 yana goge madubi bai ɗaga hannu ba, har sai Caroline ta riƙa sa masa abinci a baki. Wata rana a 1781 narkakken ƙarfe ya tsiyaye a ƙasa, duwatsun daɓe suka farfashe suka yi tsalle, da ƙyar masu aikin suka sha.

A daren 13 ga Maris na 1781, yana duba sama daga lambun gidansa mai lamba 19 a titin New King, ya hangi wani abu da bai yi kama da sauran taurari ba. Da farko ya ɗauka tauraruwa mai wutsiya ce. Da masu lissafi suka bi tafiyarsa, sai ta tabbata duniya ce mai kewaya rana, wadda ake kira Uranus a yau, kuma ita ce ta farko da aka gano da madubin hangen nesa. A shekara mai zuwa Sarki George na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, ya bar kiɗa ya koma kusa da fadar Windsor, daga bisani ya zauna a garin Slough. A 1787 aka yanka wa Caroline fam 50, ita ma ta gano taurari masu wutsiya guda 8. A 1789 ya kammala madubi mai tsawon ƙafa 40, wanda ya shafe kusan shekara 50 babu kamarsa a duniya.

Binciken da ya shafi na'urar da ke hannun mutane yau ya zo ne a 1800, shekara huɗu kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu. Herschel yana da shekara 61, yana neman hanyar kallon rana ba tare da ya ƙona ido ba, don haka yake gwada gilasai masu duhu kala-kala. Ya lura cewa wani gilashin yana tare haske amma zafi na ratsa shi, wani kuma haske na wucewa ba zafi sosai. Wannan ya sa shi tambayar ko kowane launi da nasa rabon zafi.

Sai ya sa gilashi mai kusurwa uku a taga, wanda ke rarraba hasken rana zuwa launukan bakan gizo a kan tebur. Ya kawo ma'aunan zafi uku na zaiba, ya baƙanta kawunansu. Ɗaya yakan sa shi cikin launi, biyun kuma a gefe cikin inuwa, don ya tabbatar ba zafin ɗaki yake aunawa ba. A shunayya zaiba ta hau da kimanin digiri 2 a ma'aunin Fahrenheit, a kore ta hau da kimanin 3, a ja kuwa kusan 7. Ganin zafi na ƙaruwa yayin da ake matsawa wajen ja, sai ya yi abin da ya bambanta shi da sauran. Ya tura ma'aunin gaba da jan, inda launi ya ƙare, inda ido ba ya ganin komai sai tebur. Zaiba ta hau a nan ma, har ta zarce ta cikin jan. Ashe akwai wani sashe na hasken rana da ke sauka a wurin, ido ne kawai bai isa ya gan shi ba.

Bai yi gaggawar shela ba. Ya maimaita awon sau da dama, ya gwada da wutar kyandir da ta murhu da jan ƙarfe mai zafi, ya nuna cewa madubi na mayar da wannan ɓoyayyen haske kamar yadda yake mayar da na fili. A cikin shekarar ya gabatar da maƙala huɗu ga Ƙungiyar Masana ta Royal Society a Landan. Wani masani ɗan Sikotland, John Leslie, ya soki aikin da zafi, yana ganin kuskuren kayan awo ne, amma a 1802 Henry Englefield ya sake gwajin ya sami abin da Herschel ya samu. Shi kansa Herschel ya yi ta kai-kawo kan ko wannan abu da haske jinsinsu ɗaya, har ya karkata ga cewa sun bambanta. A nan bai dace ba. Waɗanda suka biyo baya sun tabbatar abu ɗaya ne, suka ba shi sunan da ke nufin ƙasa da ja, wato infirared.

Daga teburin Slough zuwa kantin magani akwai hannaye da yawa. A 1821 Thomas Seebeck ya gano cewa zafi na haifar da 'yar wutar lantarki a mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, kuma wajen 1830 Italiyawa biyu, Nobili da Melloni, suka gina na'urar da ke jin zafi daga nesa a kan wannan ka'ida. Irinta ce, ƙanƙanuwa, a cikin ma'aunin na yau. Kowane abu, daga goshin yaro zuwa bangon soro, yana fitar da wannan haske, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon abin da yake fitarwa. Na'urar tana tattara shi ne, ta mayar da shi lamba.

Sanin haka yana warware abubuwa da dama. Jita-jitar da ta yaɗu a zamanin korona cewa na'urar na harba wani abu mai lahani cikin ƙwaƙwalwa ba ta da tushe, domin karɓa take yi, ɗigon jan hasken da wasu ke fitarwa kuwa na saiti ne, sai dai a kiyaye ido da shi. Sannan bayan abu take aunawa, ba cikinsa ba: fuskar koko na iya hucewa alhali cikinsa na ƙuna. Yaron da ya shigo daga rana ko daga sanyin hunturu sai ya ɗan zauna a ɗaki kafin a auna shi, kuma ma'aunin masu gyaran inji ba na jikin mutum ba ne. Gilashi na tare mata hanya, ƙarfe mai ƙyalli kuma yana ruɗa ta. Wanda yake son kwatanta ɗakin kwano da soron ƙasa a zafin Afrilu, bango da silin zai auna, domin sabon kwano zai ba shi lambar ƙarya.

Ba duk hasashen Herschel ne ya karɓu ba. A 1801 ya kwatanta farashin alkama da yawan tabon da ke bayyana a fuskar rana, yana neman alaƙa tsakanin rana da amfanin gona, aka yi masa dariya. Ya kuma yi zaton akwai halittu masu rai a cikin rana. Abin da ya ɗore daga aikinsa shi ne abin da ya auna da hannunsa, ya maimaita, ya rubuta.

Ya rasu a Slough ranar 25 ga Agustan 1822, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana da shekara 83. Ya bar ɗa guda, John, wanda shi ma ya zama babban masanin taurari. Caroline ta koma Hanover, ta rayu har 1848. A 2009 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba wani madubin hangen nesa mai ɗauke da sunan Herschel, wanda ya yi aikin kallon sama da wannan haske da aka fara samu a gefen tebur, inda ba wanda ya zaci akwai abin aunawa.